Hannun Yaya da Jan Maganin Iri

Shekarar da na komo gida, wana bai ba ni hannu ba.

Na daɗe a waje. Tun ina saurayi na bi hanyar ƙasa zuwa aikin hajji, guzuri ya ƙare mani a Sudan, na zauna ɗibar auduga a Jazira. Daga baya na zama tafinta a wani asibiti, saboda mutanenmu da suka cika ƙasar ba su jin irin Larabcin da likita ke yi. Na zauna Chadi, inda na tsinci Faransanci a bakin direbobi, na zauna Kumasi, na zauna Ikko. Da labari ya iske ni cewa kuɗin fetur sun cika ƙasa, sai na ce bari in je in ga namu rabon. Na kuwa gani: rediyo a kowane zaure, babura suna firgita jakuna a hanyar Daudawa, buhunan takin zamani jibge a ƙofar dagaci ruwa yana dukansu ba mai ɗagawa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Faskari, ba nisa da Ruwan Godiya. Wana shi ne mai gida, gandun mahaifinmu a hannunsa yake tun rasuwar tsoho. Na iske shi tsaye a bakin zaure, hannayensa duka biyu cikin riga. Na miƙa nawa, ya dube su, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Auta, ka tuna da mu ke nan. Shigo, an share maka ɗaki."

Na ɗauka fushi yake yi da daɗewata. Sai bayan magariba na gane ba fushi ba ne.

A unguwarmu magidanta ciyayya suke yi. Kowane gida a fito da tuwo, a jera kwanoni a tabarmar ƙofar Sarkin Noma, a ci ɗaya bayan ɗaya, hannu biyar ko shida cikin kwano guda. Tun ina yaro haka na san ana yi, kuma Yaya yakan zauna dab da Sarkin Noma, don sa'o'in juna ne, rana ɗaya wanzami ya yi masu kaciya. A ranar aka buɗa mani wuri a tabarma, ana ta tambayata ko gaskiya ne Larabawa da cokali suke cin tuwo. Na ɗaga kai ina neman Yaya. Yana can jikin katanga a kan buzunsa, shi kaɗai, da baƙin akushi a gabansa. An sa wuƙa an fafe bakin akushin a gefe ɗaya, yadda ko cikin duhu aka lalubo shi za a san na wane ne.

"Me ya kai Yaya can?" na tambaya.

Sarkin Noma ya gutsuro tuwo, bai dube ni ba. "Ci abinci, Alhaji. Lalura ce. Shi ma ya fi son hakanan."

Loma biyu na yi, na wanke hannu.

Da safe matar Yaya ta tare ni a tsakar gida. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidan, amma ranar wasan bai daɗe ba.

"To, ɗan yawon duniya, an ce har aikin asibiti ka yi. Ko shara ka yi masu?"

"Shara da fassara."

"To zo ka fassara mani wannan."

Ta kai ni ɗakin Yaya, ta sa shi ya fito da hannun dama. Na ga ciwo iri-iri a rayuwata, na taɓa riƙe fitila ana yanke ƙafar da ta ruɓe, amma da aka warware tsumman nan sai da na ja da baya. Daga yatsu har kusa da gwiwar hannu fatar ta tsattsage, tana tsattsafar da wani ruwa rawaya-rawaya da ya bushe ya yi ɓawo. A kan ɓawon kuwa an jera duk maganin da kowa ya faɗa: garin bagaruwa, man shanu, toka, da baƙin man da aka tsiyayo daga injin niƙa, wai wani direba ya ce yana kashe ƙwayar cuta. Warin ya cika ɗakin, ƙudaje suna bin tsumman har ƙasa. Ƙyama ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma ba ta kai wadda na ji daren jiya a tabarmar ciyayya ba.

"Yana ƙaiƙayi, Yaya?"

"Kamar in sa wuƙa in kankare."

Na ce ya rufe ido. Na zaro zaren auduga ina taɓa masa nan da can, yatsa, bayan hannu, kunne, goshi. Duk inda na taɓa sai ya nuna. Na ce masa wannan ba kuturta ba ce. Kuturta ba ta ƙaiƙayi, kashe wuri take yi, har wuta ta ƙone mutum bai sani ba.

"Kai ka faɗa," in ji shi. "Su ba su faɗa ba."

Na tambayi matar yaushe abin yake tashi. Ta ce wannan ce damina ta uku. Ta farko ƙuraje ne kawai tsakanin yatsu, ta biyu ya kai wuyan hannu, bana ga shi. Yakan fara da ruwan fari.

"Da rani fa?"

"Da rani? Ka ga hannun jariri? To hakanan. Sai mu ce an rabu, sai shuka ta zo."

A nan hankalina ya koma kan iri. A gidajenmu ba a fita da iri gona sai mai gida ya sa masa hannu. A zuba shi a babbar ƙwarya, mai gida ya naɗe hannun riga, ya nutsa hannun dama har gwiwa yana juyawa yana addu'a, ya tofa, sannan a ɗauka. Mahaifinmu ya yi, kakanmu ya yi. Ba a wakilta wannan, ko mai gida yana kwance ba lafiya sai an kai masa ƙwaryar bakin gado. Abin da ya sake shi ne, shekara uku da suka wuce malaman gona sun kawo wani jan gari a gwangwani, maganin ƙwari da ruɓewar iri. Ana yayyafa ruwa a kan irin, a barbaɗa garin, a cuɗa har ya kama. Wa zai cuɗa? Wanda ke sa hannu dama. Sai addu'a da magani suka zama aiki ɗaya. Gero da ruwan fari, sai dawa, sai gyaɗa, sai angurya, sai wake, in shuka ta ƙi a maimaita. Rabin damina hannun mai gida yana cikin jan kwaɓi.

Na ce a kawo mani gwangwanin. Akwai rubutu a jikinsa cikin harsuna uku, na iya karanta biyu. Dukansu sun ce kada a taɓa da hannu tsirara. Babu Hausa a ciki, ko ta boko ko ta ajami. A Jazira na ga ana irin wannan aikin, amma cikin ganga mai murfi da marfin juyawa, mutum yana tsaye gefe da ƙyalle a hanci. Mu an aiko mana garin, gangar ta tsaya a hanya.

Na kai maganar wurin Sarkin Noma. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, hannayensa jajir da lalle. A shekarar na lura dattawan unguwa da yawa sun kama ƙunshi, na ɗauka wani sabon yayi ne na sunna da ya shigo bayan tafiyata.

"Alhaji, maganin da gwamnati ta kawo da kanta? Ai kowa yana cuɗawa. Don me sai shi?"

"Jiki da jiki ba ɗaya ba ne, Sarki. Borin jini ne. Wani ya ci kifi ya kwana lafiya, wani ya ci ya kumbura."

"To, Allah ya sa hakanan ne," in ji shi, da muryar wanda ya riga ya gama shawara.

Ana cikin haka sai ga sanarwa daga dagaci. Ashe wani malamin asibiti ya kai kuka sama cewa ana yawan zuwa masa da ciwon hannu, kamfanin da ke kawo garin ya turo mai bincike. Ya riga ya zaga Mabai da wasu ƙauyukan Kankara, daga wurinmu zai wuce Sabuwa. Bature ne, tare da wani ɗan kudu da ba ya jin Hausa, don haka aka ce in zo in yi tafinta. Na yi murna ƙwarai. Na san gwajin da za a yi, na sha tsayawa a kansa a asibitin Sudan. Likitan fata yakan ɗibi ɗan abin da ake zargi, kamar ƙwayar gero, ya dama da mai, ya ɗora a bayan mutum ya rufe da filasta. A bar shi kwana biyu ba wanka. In an ɓare aka ga wurin ya yi ja ya kumbura, to jiki ya nuna abin da ba ya so. Akwai kuma abin da likitan yake yawan sa ni maimaita wa marasa lafiya har na haddace: jiki ba ya bori a haɗuwar fari. Sai ya sha haɗuwa da abu, ya riƙe shi, sannan yake tashi. Wanda bai saba taɓa abin ba, ko an manna masa ba za a ga komai ba.

Baturen ya kafa teburinsa a gindin ɗorawar ƙofar dagaci. Ya ce a kawo masa maza, kowa zai tuɓe riga a manna masa abu a baya. Na fassara, na ƙara da cewa magidanta ake so, masu cuɗa iri. Dagaci ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"A tuɓe dattijo a bainar jama'a? Gaban 'ya'yanshi da surukanshi? Alhaji, ka daɗe a waje."

"Ranka ya daɗe, to a shiga da su zaure."

"Gaban baƙo? Ina amfanin samari in ba su ɗauke wa iyayensu irin wannan ba?"

Ba mugunta ce ta sa shi faɗar haka ba. A wurinmu duk wata wahala ko abin kunya da ya tunkaro babba, ƙarami ke tarewa: shi ke zuwa aikin gayya a madadinsa, shi ke tsayawa layin allura, shi ke amsa kiran alƙali in ana iya wakilci. Sai aka aika a tattaro samari. Safiya ce ta damina, duk saurayin da ke noma yana gona. Waɗanda aka samu su ne masu zaman tasha: mai facin keke, tela, 'yan kamasho, leburorin hanya da ruwa ya hana aiki. A cikinsu babu wanda hannunsa ya taɓa shiga ƙwaryar iri. Suka jeru suna dariya, kowa an ba shi kwalbar lemo.

Na matsa kusa da Baturen na faɗa masa da Turanci cewa waɗannan ba su ne masu ciwon ba. Ya ce ba komai, baya baya ne. Na ji yadda yake lanƙwasa harshe, sai na juya zuwa Faransanci. Nan take fuskarsa ta saki, kamar ya gamu da ɗan garinsu. Na ce masa ai ya san gwajin nan ba ya nuna komai a jikin wanda bai saba da abin ba.

"Na sani," in ji shi. "Amma ni maza aka ce in gwada, ga maza an kawo mani. In tsofaffinku ba su son tuɓewa, ni zan tuɓe su?"

"Akwai mutum ɗaya, wana ne. Gidan ba nisa. Ka zo ka ga hannunsa kawai."

Ya duba agogo, ya ce hanyar Sabuwa ba ta da kyau. Sannan ya zaro safar hannu ta roba ya sa, ya ɗaura ƙyalle a hanci, kafin ya buɗe gwangwanin da ya zo ya tabbatar mana ba ya cutarwa. Na taɓa ganin ɗan kasuwa a Kumasi yana sayar da naman da shi ba zai ci ba, amma shi ko ba komai yana kawar da kai in ka dube shi. Wannan ido cikin ido yake kallona, har da murmushi.

Ya dawo bayan kwana biyu aka ɓare filastocin. Bayan samarin nan sumul, ko ɗigon ja babu. Ya sa na faɗa wa jama'a da bakina cewa an gwada, magani ba shi da laifi, masu ciwon hannu su yawaita wanka da sabulu. Mutanen da ke wanke hannu har gwiwa sau biyar a yini! Na fassara, don aikin da aka ɗora ni ke nan, na kuma ƙara nawa bayanin a kai. Ba wanda ya ji nawa. Mota ta tashi, samari suka bi ta da tafi.

Kafin la'asar Sarkin Noma ya zo gidanmu. Bai shiga zaure ba, daga waje ya tsaya.

"Alhaji, ka dai ji da kunnenka, da bakinka ma aka faɗa. Tunda ba maganin ba ne, to wancan ne. Mun yi magana da liman da dagaci. Ran kasuwa akwai motar da za ta bi ta asibitin kutare. A kai shi tun da sauran yatsu. Don shi muke yi, wallahi don shi."

Yaya yana ciki yana ji. Duk wanda aka kai wurin nan a zamanin, ko ya dawo, ya dawo da sunan kuturu. Ba zai ƙara shiga sahun gaba ba, ba za a ƙara kai masa ƙwaryar iri ba, jikokinsa ma sai an tuna masu.

Na shiga na ce, "Yaya, bari in yi maka gwajin nan ni da kaina."

"In tuɓe a gabanka? Ni na yi maka tsarki kana yaro."

"To ai ka ga nawa, saura in ga naka."

Bai yi dariya ba. Matarsa ce ta raba gardamar daga bakin ƙofa.

"Ku ji mani mutum! Za a loda shi a mota kamar buhun angurya, yana ta kunyar ƙaninshi. Kai, ɗan yawon duniya, haɗa abinka ka ba ni. Ni dai na san bayan nan, ba yau na fara ganinshi ba."

Haka aka yi. Na sayo filasta wurin mai tebur. Na ɗibi garin da tsinke, ɗan mitsitsi, na dama da man kaɗe mai yawa don kada ƙarfinsa ya ƙone fata, abin ya zama ƙuna ba bori ba. Na haɗa biyu: ɗaya mai garin, ɗaya man kaɗe zalla, don in man ne jikinsa ba ya so mu sani. Ina bayan labule ina faɗa, tana mannawa, na dama mai garin, na hagu mai zalla. Na kuma manna mai garin a nawa dantsen, ni da ban taɓa cuɗa iri da shi ba. Na ce ba wanka, ba gona, ba zama cikin rana. Hana Yaya gona da damina ya fi komai wuya. Ya wuni a zaure yana jin ƙarar fartanyar mutane, yana tsaki.

Tun kafin wa'adin ya cika na ga yana goga kafaɗa a jikin bango kamar akuya. Da lokaci ya yi matar ta shiga ta ɓare. Na ji ta ce, "La'ilaha!" Can sai muryar Yaya: "Ce mashi ya shigo."

Yana zaune ya ba ƙofa baya, riga a cinya. Ban taɓa ganin bayan wana ba tun da na yi wayo. Ya rame, ƙasusuwan kafaɗa sun fito. A hagu ba komai sai shatin filasta. A dama kuwa wuri ya tashi jajir, faɗin kwabo, ya kumbura, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun cika shi, irin na hannun sak. Na ɓare nawa dantsen, ba komai. Sai a lokacin na ga ashe Baturen ya yi mani rabin aiki bai sani ba: bayan samarinsa ya nuna garin ba ya ƙone kowa da kowa, bayan Yaya ya nuna wanda yake kamawa.

"To, Yaya, ga shi. Amma ni da matarka kaɗai muka gani. In na faɗa, za a ce ƙaninsa ne. In ta faɗa, za a ce matarsa ce."

Ya mayar da rigarsa. Ban matsa masa ba. Na san abin da nake nema a wurinsa, kuma ban tabbata ni zan iya ba in da ni ne.

Ana gobe kasuwa, bayan sallar la'asar, mutane suna fitowa daga masallaci suna neman takalma. Yaya, wanda ya daɗe yana salla a can baya shi kaɗai, ya tsaya a tsakiyar fili.

"Malam," ya ce da liman, "a dakata kaɗan."

Ya juya masu baya, ya kama wuyan rigarsa ya cire ta ta kai, ya cire ta ciki. Wani ya ce subhanallahi. Yara suka fara taruwa, liman ya daka masu tsawa suka watse. Dattijo mai furfura, tsaye daga shi sai wando, a gaban surukinsa da 'ya'yan maƙwabta. Na yi bayani a gajarce: nan garin, nan mai zalla, ga nawa dantsen. Suka matso suna leƙe, kowa ya tattare rigarsa kada ta taɓa shi, wani har da toshe hanci, alhali bayan ba ya warin komai. Na dubi fuskokin nan da na yi shekaru ina kewa a ƙasashen mutane, na ji kamar in koma tasha.

Sarkin Noma ya ce, "To, ai ciwon yana iya fitowa ko'ina. Wa ya san..."

Yaya ya juyo, rigar tana hannunsa na hagu.

"Sarkin Noma, ni da kai bukka ɗaya muka yi jinyar kaciya. Yau ka ƙara ganin bayana. Nuna mani hannunka."

"Hannuna kuma? Me ya samu hannuna?"

"Shi nika tambaya. Shekara sittin ban san ka da ƙunshi ba, sai bana. Amarya za ka zama?"

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Sarkin Noma ya tura hannu cikin riga. Liman ya dube shi ya ce, "Fito da shi mana." Ya fito da shi. Liman ya kama wuyan hannun ya juya shi wajen haske, ya buɗa yatsun. Ƙarƙashin jan lallen, tsakanin kowane yatsa da ɗan'uwansa, fata ta tsage tana ruwa. Bai kai na Yaya ba, amma shi ne. Na waiwaya na dubi sauran masu ƙunshin. Ɗaya ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Wani ya sulale ta bayan masallaci. Wani tsoho, Allah ya jiƙansa, ya miƙo nasa da kansa ya ce, "Ni ma tun bara."

Wato sun sani. Kowa yana kwana yana susa a ɗakinsa, yana tsoron a ce shi ne, da gari ya waye sai ya zo tabarma ya taya a nuna Yaya da baki. Da hannayen nan suke cin tuwo kwano ɗaya, suna tura wa juna loma, shi kuwa an fafe masa akushi. Baturen baƙo ne, abincinsa yake karewa, gobe ba zai tuna sunan garin ba. Waɗannan kuwa tare da su aka haƙa kabarin mahaifinmu.

Ba a sake maganar mota ba. Ba kuma wanda ya ce a yi haƙuri. Hannun ya ɗauki lokaci, sai da muka kankare baƙin man nan da ruwan ɗumi, muka fitar da gwangwanin da ƙwaryar da tsohuwar rigar shuka daga ɗakinsa, sannan kafin kaka ciwon ya rufe. Damina ta gaba Yaya ya sa wa iri hannu tun yana fari, ya yi addu'arsa ya tofa, sannan aka zuba shi a garwa mai murfi da garin aka girgiza. Wasu sun bi, wasu sun ce albarkar ba ta kama sai hannu ya yi ja, suka ci gaba da ƙunshi.

Amma a yammacin ranar da ya tuɓe, bayan magariba, an shimfiɗa tabarma an jera kwanoni kamar kullum. Sarkin Noma ya matsa gefe ya bar wuri dab da shi, ya yi gyaran murya.

"A ce wa Malam ya matso mana. Tuwo yana hucewa."

Na je na faɗa wa Yaya. Ya ce in yi gaba yana zuwa. Matarsa ta riga ta zuba masa a sabon kwano mai fure, ya ce ta juye. Sai ga shi ya fito da baƙin akushin nan a hannun hagu. Ya ture kwanonin da ke tsakiyar tabarma, ya ajiye shi, ya juya fafaffen gefen ya fuskanci Sarkin Noma. Ya warware tsumman hannunsa a hankali, ya ninke ya sa a aljihu. Ya wanke hannun, ya gutsuro tuwo ya dangwali miya ya kai baki. Ba wanda ya motsa.

"Na gidana za a fara ci yau," in ji shi. "Bismilla, Sarkin Noma."

Sarkin Noma ya dubi akushin, ya dubi hannun, ya dubi liman. Liman yana kallon sama. Sannan Sarkin Noma ya naɗe hannun riga ya sa hannu.